Ka Aiko wa Baba Kwalba, Ba Ka Kai Shi Awo Ba

Da kai nake, ɗan boko, kai da ka aiko wa tsohonka a unguwar Birni ta Zinder kwalbar resveratrol daga Yamai, ka biyo ta da saƙon murya cewa tana hana tsufa. An kai ka lakwal ne don ka riƙa karanta wa gida takarda. Wannan fa, me ya hana ka bincika?

Sinadarin akwai shi, a ɓawon inabi, har da ɗan kaɗan a gyaɗar da Damagaram ta daɗe tana nomawa. Ya yi suna ne a 2006, lokacin da David Sinclair na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka nuna ya ƙara wa ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai kitse kwana. Ɓeraye, malam. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya zuba dala miliyan 720 ya sayi Sirtris, kamfanin da aka kafa a kan wannan fata. A 2010 ya tsayar da gwajin maganin da aka yi da sinadarin bayan ƙodar wasu masu ciwon daji ta taɓu, a 2013 kuma ya rufe ofishin Sirtris. Masu ɗakunan bincike da dukiya sun naɗe tabarmarsu, kai kana shimfiɗa taka da kuɗin cefane.

An gwada duba mutane ma. A yankin Chianti na Italiya an bi tsofaffi 783 shekara 9, sakamakon ya fito a 2014: masu yawan sinadarin a jiki ba su fi saura tsawon rai ba.

Yanzu leƙa zaure. Kwalbar na gefen buzu, kusa da carbi. Baba na haɗiyar ƙwaya ɗaya da kunu kowace safiya, yana sa maka albarka, yana nuna wa baƙi abin da ɗansa ya aiko. Ƙafarsa a kumbure, ƙeyarsa na sara, ya ce zafin bazara ne. Rabonsa da awon hawan jini kai ma ba ka sani ba, don ba ka tambaya ba. Aika kwalba ya fi zaman layin asibiti sauƙi, shi ya sa ka zaɓe shi, ka kuma kira shi biyayya.

Kira ƙanenka yau. Gobe da sassafe ya ɗora Baba a kabu-kabu zuwa babban asibitin Zinder, a auna jini da sukari. Su tafi da kwalbar likita ya gani, musamman in Baba na shan maganin tsinka jini.