Me ya sa ake hana mai yawo sauka daga turba a dajin sawaro?



Kwanakin baya hira ta kai mu ga hotunan wani gandun daji na ƙasar Amurka, inda wasu dogayen tsirrai masu ƙaya suke tsaye kamar mutane sun ɗaga hannuwa sama. Da aka ce a wani sashe na wurin doka ta hana mai yawo sauka daga turbar da aka shata masa, sai wani dattijo a cikinmu ya yi dariya ya ce, "To, in ban da abin Bature, hamada ce fa. Me ƙafar mutum za ta ɓata a cikin tsakuwa da ƙaya?" Da yawa suka goyi bayansa. Baba ya yi mana haƙuri, mu dai muna ganin masu dokar ne da gaskiya.

Gandun yana jihar Arizona, a cikin hamadar Sonora wadda ta ratsa har Meksiko. Sunansa Saguaro, ana furta shi "sawaro", kuma sunan wannan ƙaton kaktus ne aka ba shi. Gandun kashi biyu ne, ɗaya a gabas wajen duwatsun Rincon, ɗaya a yamma, birnin Tucson yana tsakiyarsu. Shugaba Herbert Hoover ne ya fara killace sashen gabas a 1933, aka ƙara na yamma a 1961, sannan a 1994 aka ɗaga matsayinsa ya zama cikakken gandun ƙasa. Wanda ya san ƙerana ko tinya zai ga kama, amma ba dangi ba ne, kuma sawaro ba ya fitowa da kansa a ko'ina a duniya sai a wannan hamada.

Abin da hoto yake nunawa shi ne babba: tsayin mita 12 ko fiye, nauyin tan da yawa idan ya sha ruwa ya ƙoshi. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne yadda ya fara. A shekaru 8 na farko tsiron sawaro ba ya wuce santimita 4, bai ma kai tsawon ɗan yatsa ba. Sai ya kai wajen shekara 35 yake fara fure. Hannuwan nan da ake ɗaukar hoto saboda su ba sa fitowa sai ya shekara 50 zuwa 70, inda ruwa ya yi ƙaranci ma ya fi haka. Yana iya rayuwa shekara 150, wasu har 200. Ke nan wanda ka gani da hannu biyar ko shida, yana nan tsaye tun kafin a haifi kakanka.

Shi kuwa ɗan tsiron ba ya iya rayuwa a fili. Rana za ta ƙone shi, sanyin hunturu zai kashe shi, ɓera ko zomo zai cinye shi. Sai ya sami uwar goyo, wato wata 'yar bishiya kamar palo verde ko mesquite, ya ɓuya a inuwarta shekara da shekaru. Sawaro guda yana zubar da miliyoyin iri a rayuwarsa, amma kaɗan ƙwarai ne suke kai wa ga girma. To ina mai yawo yake nufa idan ya sauka daga turba da rana tsaka? Inuwa. Wato daidai inda jaririn yake kwance, launinsa ya saje da ƙasa, ba wanda zai lura da shi. Taku ɗaya ya isa ya shafe shekara goma. Babban ma bai tsira ba, domin yawancin saiwoyinsa a saman ƙasa suke, zurfinsu bai wuce tafin hannu ba, sun bazu kewaye da shi don su cafke ɗan ruwan da ya sauka. Idan ƙafafu suka daddanne ƙasar, ruwa ya daina shiga. Gandun nan kuwa wajen mutum miliyan ɗaya ne suke ziyartarsa a shekara. Baba yana lissafin ƙafar mutum ɗaya ne, masu dokar suna lissafin miliyan.

Wannan ba hasashe ba ne, an taɓa gani a wurin. Akwai wani yanki a sashen gabas da ake kira Cactus Forest, wanda a shekarun 1930 sawaro suka cika shi maƙil, saboda shi ma aka killace wurin tun farko. Bayan 'yan shekaru sai aka ga manyan suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, babu ƙanana masu maye gurbinsu. Masana na lokacin suka ɗauka annoba ce, har a farkon shekarun 1940 aka sare ɗaruruwan da ake zargin sun kamu aka binne. Daga baya aka gane cewa tsufa da tsananin sanyi ne suke kayar da manyan, rashin ƙanana kuwa aikin mutum ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu gasa farar ƙasa suke sare itatuwan wurin suna hura wuta, ga shanu suna kiwo suna tattake ƙasa. An sare uwar goyo, an tattake ɗan goyo. Ba a gama fitar da shanu daga gandun ba sai 1979, kuma bayan nan ne itatuwa suka farfaɗo, ƙananan sawaro suka fara bayyana a ƙarƙashinsu. Har yau ragowar matoyar farar ƙasar suna nan a gefen turbar Cactus Forest, mai tafiya yana wucewa ta gabansu. Ɓarnar da aka yi cikin shekaru kaɗan, gyaranta ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya.

Sai a ce ai an tauye wa mai yawo 'yanci. Mu ba mu ga tauyewa ba. Turbobin gandun sun haura kilomita 260 idan aka haɗa su, kowa da daidai ƙarfinsa. Mai yara ko mai ciwon gwiwa zai iya hawa Signal Hill a sashen yamma, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, ya ga zane-zanen da mutanen Hohokam suka sassaƙa a jikin duwatsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Mai jin ƙarfi ya bi King Canyon zuwa ƙololuwar Wasson, mita 1,429, kimanin kilomita 11 zuwa da dawowa. A gabas akwai titin mota na kilomita 13 da ya zagaya cikin dajin, da gajeruwar turbar Freeman Homestead, ga kuma doguwar hanya zuwa dutsen Mica mai tsayin mita 2,641, inda sawaro yake ƙarewa, sanyi da dogayen itatuwan kan dutse su karɓe ka. Wanda zai kwana a can sai ya karɓi takardar izini. Kuma dokar ba makauniya ba ce. A sashen gabas ta fi tsanani ne a ƙasa-ƙasa inda sawaro yake, wanda ya hau sama da kimanin mita 1,370 an sassauta masa.

Ban da haka, turbar tana kare mai tafiyar kansa. Zafin bazara a Tucson yana haura digiri 40, an taɓa samun 47 a watan Yuni na 1990. Wanda ya san zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zai ce wannan ba baƙon abu ba ne, amma a gida idan rana ta take muna neman gindin bishiya ne, ba ma hawan dutse don nishaɗi. Galibin turbobin babu ruwan sha a kansu. Shawarar ma'aikatan gandun ita ce a fita da asuba, a riƙe wajen lita ɗaya na ruwa don kowace awa ta tafiya, kuma da zarar rabin ruwanka ya ƙare ka juya, ko da ƙololuwar tana gabanka kana kallo. Daga Yuli zuwa Satumba kuma ana samun ruwan sama mai ƙarfi, busasshen rafin da kake tafiya a cikinsa yana iya cika da ambaliya alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba. Ga macijin nan mai kaɗa wutsiya tana ƙara, ga wani kaktus da ake kira cholla wanda guntunsa yake maƙalewa a jiki, har masu yawo suna tafiya da mataji don ɓamɓare shi. Idan mutum ya faɗi a kan turba, masu ceto sun san inda za su nufa. Idan ya kutsa daji, sai an yi ta lalube, zafi kuma ba ya jira.

Akwai dai wata suka da muke ganin tana da nauyi, ba za mu ɓoye ta ba. Ana iya cewa babban abokin gaban sawaro a yau ba takalmin ɗan yawon buɗe ido ba ne. Gaskiya ne. Babban abokin gabansa ciyawa ce, kuma daga nahiyarmu ta je. Turawa suna ce mata buffelgrass, 'yar uwar ƙarangiya ce ta jini, tana fitowa a busassun yankunan Afirka da Asiya. An kai ta Arizona a shekarun 1930 don kiwon shanu da hana zaizayar ƙasa. A wurinmu abincin dabba ce, ta saba da gobarar daji, ana ƙone ta tana sake tohowa. A can kuwa ta zama masifa. Hamadar Sonora asalinta tsirrai ne jefi-jefi da fili a tsakaninsu, wuta ba ta samun abin bi, don haka sawaro bai saba da gobara ba. Ciyawar ta zo ta cike filin, ta ƙwace ruwan ƙananan tsirrai, idan ta bushe kuma ta zama makamashi. Wuta ɗaya tana iya kashe abin da ya shekara ɗari yana girma, ciyawar ta dawo ta fi da yawa. Jihar Arizona ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi a 2005. Yanzu 'yan sa kai suna fita da dagi suna tumɓuke ta gindi-gindi, ma'aikata suna feshin magani, a wurare masu wuyar hawa har da jirgi mai saukar ungulu.

Amma wannan sukar, in an duba, ƙarfafa dokar take yi. Irin ciyawar yana maƙalewa a takalmi da safa kamar yadda ƙarangiya take yi mana, kuma ƙasar da aka tattake ita ce ta fi karɓarsa. Mai yawo ba zai iya hana fari ba, ba zai iya feshi daga sama ba. Abin da yake hannunsa shi ne inda zai sa ƙafarsa. Kuma kada a ɗauka kowa mai hankali ne: a 2013 an sami waɗanda suka fesa fenti a jikin sawaro a sashen gabas, akwai kuma ɓarayi masu haƙe matsakaita su sayar wa masu ƙawata gida, har hukumar gandun ta riƙa cusa wa wasu 'yar na'urar shaida irin wadda ake sa wa dabbobi. Dokar jihar ma ta hana a cire sawaro ko a ɗauke shi ba tare da izini ba.

Abu guda ne da zai sa mu juya wa wannan doka baya: da a ce ta kori masu wurin na asali. Mun sha jin inda aka killace daji aka mai da mazauna cikinsa baƙi. A nan ba haka ta kasance gaba ɗaya ba. Ƙabilar Tohono O'odham, ma'anar sunansu mutanen hamada, sun daɗe suna girbin 'ya'yan sawaro tun kafin a san za a yi wata ƙasa Amurka, kuma suna ɗaukarsa da daraja kamar ɗan uwa. Yana fure a watan Mayu da Yuni, farin fure mai buɗewa da dare, jemagu da kurciyoyi da ƙudan zuma su yi masa barbara. A ƙarshen Yuni 'ya'yan suke nuna, cikinsu ja wur. Sai iyalai su fito da doguwar maƙata da aka haɗa da haƙarƙarin mataccen sawaro, su kaɗo 'ya'yan, su dafa su yi maɗi, wannan girbin kuma shi ne farkon shekararsu, gab da saukar damina. Hukumar gandun tana ba su damar ci gaba da yin haka a sashen yamma. Baƙon da ya zo da kyamara an ce ya tsaya a turba, wanda kakanninsa suka san yadda ake ɗiba ba tare da kashe uwar ba an bar shi ya shiga. Mun yarda ƙasar ta fita daga hannunsu, kuma izini ba daidai yake da mallaka ba. Duk da haka bambancin da aka yi tsakanin mai wucewa da mai wuri bambanci ne na hankali.

Duk shekara goma tun daga 1990 ana ƙidayar sawaro a wasu keɓaɓɓun filaye na gandun, ma'aikata da ɗalibai da 'yan sa kai suna durƙusawa ƙarƙashin itatuwa suna neman waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. An ƙiyasta akwai kusan miliyan biyu a gandun, sai dai binciken baya-bayan nan ya nuna sababbin tsirrai sun ragu tun daga shekarun 1990 saboda dogon fari da ƙaruwar zafi. Baba ya ce zai sake duba hotunan, wannan karon a gindin itatuwan zai sa ido.