Yawon Buɗe Ido Da Ido A Rufe

Wajen ƙarfe 4 na yamma, a kan hanyarmu ta dawowa daga Milford Sound, muka waiwaya muka dubi sauran fasinjojin da ke cikin safar. Kusan kowa ya yi barci. Wani ya jingina kai da gilashi baki a buɗe, wata ta lulluɓe fuska da rigar sanyi, wani kuma waya na shirin suɓuce masa daga hannu. A waje kuwa rana ta karkata tana haska tsaunuka masu rawanin ƙanƙara, irin waɗanda mutum kan shekara yana kallon hotonsu a fuskar kwamfutarsa. Kowa a motar nan ya biya kuɗi masu ciwo, wasu sun ƙetaro rabin duniya, don su ga wannan wuri. Ga shi ana ratsawa da su ta tsakiyarsa suna minshari. Mu ma da ke ƙirga masu barcin, kafin a kai garin Te Anau barcin ya kwashe mu.

Bahaushe ya raɗa wa irin wannan tafiya suna mai kyau, yawon buɗe ido. Ƙorafinmu shi ne, yadda ake sayar da ita a yau, a cusa tsauni da teku da gonakin inabi cikin kwana biyu ko uku a bayan gilashin mota, ya ci amanar sunan. Ana karɓar kuɗin gani a ba mutum wucewa. Kuma za mu faɗi gaskiya ko da a kanmu take: masu sana'a irin tamu suna da hannu dumu-dumu a cikin wannan ciniki.

Mu huɗu ne, dukkanmu masu rubuta manhaja. Aiki ya kai mu wani taro a ƙasar Niyu Zilan, muka ce tunda Allah ya kawo mu bangon duniya, ba ma komawa sai mun leƙa Tsibirin Kudu. Kwana 3 gare mu. Muka yi abin da kowa ke yi, muka ɗauko waya, muka shiga shafin sayar da tikitin yawo, muka zaɓi wanda ya fi yawan wuraren tsayawa a farashi mafi sauƙi. Rana guda ta Milford, rana guda ta gonakin inabi. Har muna yaba wa kanmu iya ciniki.

To mai karatu, bari mu yi maka lissafin da mu masu digirin kwamfuta muka kasa yi kafin mu biya. Daga garin Queenstown zuwa Milford Sound, in da tsuntsu ne, bai fi kilomita 70 ba. Amma tsaunuka sun gitta, dole mota ta yi zagaye ta Te Anau, sai tafiyar ta koma kusan kilomita 290. Zuwa da dawowa ke nan ya zarce ka tashi daga Kano ka je Kaduna ka juyo a yini guda. Ana barin gari wajen ƙarfe 7 na safe, a dawo bayan awa 12 ko 13. A cikin awannin nan, abin da ka zo dominsa, wato shiga jirgin ruwa a zaga mashigin tekun, bai cika awa 2 ba. Sauran duk zama ne a kujera, sai 'yan tsaye-tsaye na minti 10. A wasu ƙananan tafkuna da ake kira Mirror Lakes, saboda tsaunuka na fitowa a cikinsu kamar a madubi, sai iska ta lafa ruwan ya kwanta kafin ka ga abin da ake faɗa. Mu da muka isa iska na kaɗawa. Muka ɗauki hoton ruwa mai rawa, direba ya dubi agogo, muka koma mota. Wanda ya taɓa shiga motar ziyara a Madina, aka kai shi Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini kafin azahar, direba na danna ham tun bai gama addu'a ba, ya san irin zafin da muke nufi.

Wata matsalar kuma duk mai sana'armu zai gane ta da kallo ɗaya. Tunda motocin duk daga gari ɗaya suke tasowa a lokaci ɗaya, a lokaci ɗaya suke isa, wajen tsakar rana. Ka tuna ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, ɗalibai suka afka wa shafin intanet guda gaba ɗaya har ya tsaya cak? Haka bakin ruwan Milford ke zama da rana tsaka: layin banɗaki, layin jirgi, layin abinci. A 2019 kimanin mutum 870,000 suka ziyarci wurin, galibinsu a cikin 'yan awannin nan na tsakiya. Da safe da yamma kuwa wurin shiru yake, kuma a lokacin ne ya fi kyau. Da a wurin aiki wani ya kawo mana tsari irin wannan, da ba mu bari ya wuce ba.

Me ake rasawa a wannan gaggawa? Milford irin mashigin nan ne da ake kira fiyod. Dubban shekaru da suka wuce, dunƙulalliyar ƙanƙara mai kaurin gaske ta riƙa gangarowa a hankali tana ƙwaƙule dutse, da ta narke sai teku ya shigo ya cike kwarin. Shi ya sa duwatsun ke tashi tsaye daga cikin ruwa kamar katanga, har ɗaya daga cikinsu, Mitre Peak, ya kusa mita 1,700. Ruwan saman da ke sauka a nan a shekara ya haura mita 6. Idan aka yi ruwa, ɗaruruwan magangaru ne ke ɓallowa daga jikin duwatsun, in ya ɗauke da 'yan awanni su ɓace. Ruwan daɗin nan yana ratso daji ya yi launin shayi, ya kwanta a saman ruwan gishiri ya tare haske, har wasu halittun da a wani wuri sai a can ƙasan teku ake samunsu, a nan suna rayuwa a zurfin mita 10 kacal. Wuri ne da kamanninsa na safe daban, na yamma daban. Wanda ya ba shi awa 2 ya ga fuska ɗaya, ya koma gida yana cewa ya san shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ko sunan wurin ma labari ne. Mutanen Mawori, waɗanda suka riga Turawa zuwa ƙasar, suna kiransa Piopiotahi, wato tsuntsun piopio guda ɗaya, tsuntsun da yanzu ya ƙare a duniya. Sai a 1998, cikin sulhun da gwamnati ta yi da ƙabilar Ngai Tahu, aka mayar wa wurin da wannan suna a hukumance kusa da na Turanci. Haka ramin Homer, hanyar da aka huda cikin dutse mai tsawon kilomita 1.2. A 1935 aka fara haƙa shi da diga da baro, leburori na kwana a tanti cikin sanyi mai ratsa ƙashi, zaftarewar ƙanƙara ta kashe wasu daga cikinsu, kuma sai da aka kusa shekara 20 kafin motoci su fara bi. Direbanmu, Allah ya saka masa, ya faɗi duk wannan a lasifika. Rabin motar na barci, rabi na duba hotunan da suka ɗauka a tsayawar baya.

Washegari aka kai mu kwarin Gibbston, gabas da Queenstown, a gefen kogin Kawarau. Mu ba mashaya ba ne, kuma mun san giyar inabi ce sana'ar yankin tun kafin mu biya, don haka ba mu da bakin kuka a kan wannan. Gonakin muka je gani. Abin da ya ba mu haushi shi ne ko gonakin ba a nuna mana ba. A sauke ku a ƙofar ɗakin ɗanɗano, a jera kofuna, bayan rabin awa a kwashe ku zuwa na gaba. Masu sha suna kurɓa, mu muna tsaye da ruwan lemo, dukkanmu mun juya wa kurangar inabin baya.

Alhali labarin da ya fi kowane daɗi yana nan a waje. Tsaunukan da muka ratsa jiya su ne suke tare iskar yamma mai ɗauke da danshin teku, su tatse ta a kan Milford, ta ƙetaro nan a bushe. Shi ya sa wasu sassan yankin Central Otago ba sa samun ruwan da ya wuce milimita 400 a shekara, ƙasa da abin da Kano ke samu a damina guda. Zafin rana da sanyin dare da ƙarancin ruwa su suka sa inabin Pinot Noir ya karɓi ƙasar, a wurin da a shekarun 1860 zinariya ce ta tara mutane. Manoma kan kwana a tsaye a daren da sanyi ya yi barazanar ƙona tohon, suna kunna manyan fankoki, wani lokaci har a ɗauko jirgi mai saukar ungulu ya riƙa kaɗa iska a kan gona. Yawancin aikin hannun kuma baƙi ne ke yi, ciki har da 'yan ci-rani daga tsibiran Vanuwatu da Samowa da Tonga, waɗanda ke zuwa ƙarƙashin wani tsarin aikin lokaci-lokaci da aka fara a 2007. Ruwan Milford da fari na Otago labari ɗaya ne, dutse ɗaya ya haife su. Jadawalin yawo ya yanka shi gida biyu ya sayar mana a matsayin kaya daban-daban. Mu ma sai bayan mun dawo gida muka haɗa zaren.

Yanzu ga namu laifin. Shafukan da ake sayen tikitin nan, irinmu ne suka gina su. Mun san yadda abin yake daga ciki. Manhaja ba ta iya jera kaya sai da abin da ke ƙirguwa: farashi, yawan wuraren tsayawa, yawan taurarin da masu saye suka bayar. Natsuwa ba ta da gurbi a jadawali. Saboda haka tafiya mai tsayawa 9 takan hau saman mai tsayawa 3, ko da ta ukun ce ke barin mutum ya zauna awa guda a bakin ruwa. Masu motoci ba wawaye ba ne, da suka ga abin da ke kai su saman shafi sai suka ƙara wuraren tsayawa suka rage mintuna. Taurarin kuma yawanci a daren da aka dawo ake bayarwa, mutum na duba hotunansa masu kyau, ya manta da ciwon bayan. Ɗan jan rubutun nan da ke cewa saura kujera 2, don zuciyarka ta buga ka biya ba ka yi tunani ba, wani ɗan'uwanmu ne ya zauna ya rubuta shi, aka yaba masa a wurin aiki. Mun haƙa rami, ga shi mun faɗa da ƙafarmu. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai saye da ke son ya ce ya je wuri goma, shi ma ya taya mu.

Wani zai ce, to a bar safa mana, kowa ya yi hayar ƙaramar mota ya tafi yadda yake so. A nan mun rabu da masu raina 'yan yawon bas. Hanyar Milford siririya ce mai kwane-kwane, a hagu ake tuƙi, da hunturu akwai wuraren da aka hana tsayawa saboda zaftarewar ƙanƙara. Baƙon da ya sauka daga jirgi jiya, bai gama warware gajiya ba, idonsa rabi a titi rabi a tsauni, haɗari ne ga kansa da waninsa. Mutum 40 a mota ɗaya, hannun direban da ya san kowace kwana, sun fi mota 20 sauƙi ga hanya da daji da wurin ajiye motoci. Tsoho da mai ciwon ƙafa da wanda bai iya tuƙi ba, safa ce gatansu. Ko wani babban tsarin gyara da aka fitar a 2021 kan makomar Milford, ƙarin motocin haɗaka daga Te Anau ya ba da shawara. Mota ba ta yi mana laifin komai ba. Jadawalin da aka ɗora mata muke tuhuma.

Wani kuma zai ce, ai ba kowa ke da mako guda da kuɗin otal ba, gara ganin awa 2 da rashin gani. Wannan magana ce mai nauyi, don mu ma kwana 3 gare mu. Sai dai mai ƙarancin lokaci shi aka fi cuta. Attajiri zai iya dawowa baɗi. Wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya sha wahalar biza, mai yiwuwa zuwansa ke nan na farko da na ƙarshe, shi ne bai kamata a cinye masa yini a kujera ba. Kuma maganin ba tsada gare shi ba. Te Anau na da nisan kilomita 120 kacal daga Milford, tafiyar awa 2. Da mun kwana a can maimakon Queenstown, da mun rage kusan rabin zaman mota, mun isa kafin cunkoso ko mun tsaya bayan an watse. Abin da zai ci mana shi ne mu haƙura da wani wurin. Taura biyu ba ta taunuwa, mu kuwa uku muka cusa a baki.

Saboda haka muna da roƙo biyu. Ga abokan sana'armu: kusa da farashi, a rubuta wa mai saye awa nawa zai yi a zaune, awa nawa ƙafarsa za ta taka ƙasa, da ƙarfe nawa zai isa. Aikin yini guda ne ga mai rubuta manhaja, kuma duk mun san dalilin da ya sa ba a yi ba. Ga mai karatu kuma, ko ina Allah ya nufe ka da zuwa, kafin ka biya ka yi waɗannan tambayoyin da kanka. In aka ce maka wuri 9 za a tsaya, ka tambayi minti nawa. Ka zaɓi wuri ɗaya ka ba shi yininka, ka yarda a ce ba ka je sauran ba.

Mun dawo da hotuna sun fi 600 a wayoyinmu. Da 'yan gida suka tambaye mu yaya ƙarar ruwan take in yana faɗowa daga dutsen, muka dubi juna, babu wanda ya tuna. In Allah ya maimaita mana, a Te Anau za mu kwana.