A Bar Ma'aikaci Ya Ce "Na Je, Ban Samu Ba"

Akwai wani wasa da ake yi da wayar hannu a ƙasashe da dama, sunansa Geocaching. Mutum zai sami gwangwani ko akwatin roba, ya sa ɗan littafi a ciki, ya ɓoye a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, sannan ya sa lambobin GPS na wurin a intanet. Masu nema su bi lambobin, in sun gano su sa hannu a littafin, su mayar da akwatin mazauninsa, su koma shafin su shaida cewa sun samu. Wani Ba'amurke, Dave Ulmer, ya fara shi ranar 3 ga Mayu, 2000, a jihar Oregon, bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS ga farar hula. Yau akwatunan sun haura miliyan 3.

Mu a garinmu Darini, da zuwa gona ma sai an tambayi labarin hanya, ba mu da sararin irin wannan wasa. Abin da ya ja hankalina shi ne cututtuka biyu da ke damun masu yinsa, domin su ne ke cin ayyukan gwamnati a Batsari da Safana. Ta farko, mutum ya zauna a ɗakinsa ya rubuta "na samu" alhali ƙafarsa ba ta taka wurin ba. Ta biyu, mai akwati ya yi watsi da shi, ruwa ya jiƙa littafin ko wani ya ɗauke gwangwanin, amma sunansa na nan a taswira. Kuma ɗaya ce ke ciyar da ɗaya. Muddin maƙaryaci na rubuta "na samu", ba wanda zai san akwatin ya ɓace, sai mai gaskiya ya ƙona mai da lokaci yana laluben abin da babu.

Maganin da suka yi wa abin ba shi da wuya. Littafin da ke cikin akwati shi ne shaida, shafin intanet bayani ne kawai. In mai akwati ya yi zargi, sai ya je ya buɗe littafin. In babu sa hannu, yana da ikon goge iƙirarin. Sun kuma ware wa mai nema wurin da zai rubuta "ban samu ba", kuma ba abin kunya ba ne a wurinsu. In irin wannan rahoto ya taru, masu duba na sa-kai su tuntuɓi mai akwatin, in ya yi shiru a dakatar da shi, daga baya a cire shi daga taswira, wani ya sami damar ajiye sabo.

Na yi aikin sa ido a zagayen rigakafin shan inna a ƙauyukanmu, kuma a nan na ga "na samu" na ƙarya da idona. Ƙa'ida ita ce a ɗiga wa yaro magani, a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, a rubuta da alli a bangon gida yara nawa aka samu. Wata rana na tsaya a ƙofar wani gida, alli ya nuna an yi wa duk yaran. Na yi sallama, wata dattijuwa ta fito da jikanta a goye. Na ce, "Inna, an ɗiga masa?" Ta miƙo mini hannun yaron, tawada raɗau a farce, ta ce, "Ɗan nan, maigidan bai yarda ba. Yarinyar da ke rigakafin ta roƙe mu a bari ta shafa, kada a hana ta kuɗinta." Wannan yaro ya shiga lissafin waɗanda aka kare. Da an rubuta cewa gidan ya ƙi, da washegari mai unguwa ko liman ya zo ya zauna da maigidan. Tawadar ta rufe wannan ƙofa.

A 2012 Najeriya ta sami yara 122 da cutar ta kama, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi tsanani, alhali takardu na nuna ana kaiwa ko'ina. Daga lokacin aka fara zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan adam, aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu GPS don a ga sawunsu. Sai ga unguwannin da aka daɗe ana cewa an shiga, ba a taɓa shiga ba. Wannan ya taimaka ƙwarai har aka kai ga 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Amma waya iyakarta ta nuna an bi ta lungu. Ba ta ganin bakin yaro. Kuma a Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, mun ga yadda duk abin da ya dogara da sabis ke tsayawa cik.

Ba na goyon bayan a fara da tozarta matan da ke yin rigakafin. Masu wancan wasa ma sukan fara tambayar wanda ake zargi, don wataƙila biro ya ƙi ko littafin ya jiƙe. Matar da ke yawo cikin rana da akwatin ƙanƙara a kan ɗan alawus, a ƙasar da aka harbe masu rigakafi 9 a Kano a Fabrairun 2013, ba ita ta ƙirƙiro ƙaryar ba. Wanda ya zauna a ofis ya ce shi ɗari bisa ɗari yake so, ya kuma zaftare kuɗin wadda ta kawo ƙasa da haka, shi ya koya mata. Ƙauyen da ɓarayin daji suka tare hanyarsa, gara a rubuta ba a je ba.

Akwatunanmu da aka yi watsi da su kuwa ba sa ɓuya. Famfon tuƙa-tuƙa da hannunsa ya karye, allon kwangila na tsaye a gefensa. Ɗakin shan magani da awaki ke kwana a ciki. Makarantar ƙauyen da mutanensa suka watse bayan hare-hare irin na Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, wasu suka koma cikin Batsari, wasu Katsina, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi. Matuƙar sunan rijiya na cikin jerin masu aiki, in aka zo rabon sababbi za a ce garin na da ruwa, a wuce shi. Matacciyar rijiya a takarda ta fi rashin rijiya cutarwa.

Abin da nake nema ga shugabannin ƙananan hukumominmu da hakimai bai kai kuɗin buhun siminti ba. A ajiye littafi mai bango a hannun kowane mai unguwa. Duk jami'in da ya ce ya zo duba rijiya, asibiti ko makaranta ya rubuta suna da rana da abin da ya tarar, kuma kada a biya kuɗin tafiya sai an gwada takardarsa da wannan littafi. Rahoton "ban samu ba" ko "hanya ba ta biyuwa" a biya shi daidai da kowane rahoto. In mutum uku suka shaida abu ya mutu, a ba hukumar da ke da shi wa'adi: ta gyara, ko ta miƙa wa ƙungiyar matasan gari da za ta riƙe shi, ko a soke sunansa a fili a mayar da garin layin masu jira. Dagatai su riƙa kawo littattafan zaman majalisar hakimi, a karanta su a gaban jami'an da suka sa hannu.