Allurar rage ƙiba: gudun tsada kada ya kai ƴan ci-rani ga jabun intanet

Shekaru kaɗan da suka wuce, abin da ake rububi a kasuwannin Maraɗi da Damagaram shi ne ƙwayoyin ƙara ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Yanzu kuma labarin da ke yawo a Facebook da TikTok shi ne na allurar rage ƙiba: Ozempic da Wegovy na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak, da Mounjaro na kamfanin Eli Lilly na Amurka. Ƴan Nijar mazauna Faransa da Amurka na cikin waɗanda tallar ke biyowa har cikin wayarsu, da alkawarin kawo magani har gida ba tare da ganin likita ba.

Maganin yana aiki, wannan ba gardama. Allura ce sau ɗaya a mako, tana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, sai mutum ya ƙoshi da wuri. A babban gwajin da aka yi wa Wegovy, masu amfani da shi sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a makonni 68. Sai dai waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda. Ke nan magani ne na dogon zango, kuma nan ne maganar kuɗi ta shigo.

Lokacin da Wegovy ya shiga farmasin Faransa a watan Oktoban 2024, inshorar lafiya ta gwamnati ba ta biyan ko sisi, kuɗin wata guda kuwa ya kai kimanin yuro 300, kusan jika 200 na sefa. A Amurka, dokar 2003 ta hana shirin Medicare na tsofaffi biyan maganin da aka rubuta don rage ƙiba kawai, shirin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi kuwa kowace jiha ce ke yanke wa kanta. A Ingila, hukumar lafiya ta NHS ta fara ba da Mounjaro ta hannun likitocin unguwa a watan Yunin 2025, amma mutum 220,000 kacal aka tsara za su samu a shekaru uku na farko.

Wanda aka mayar daga ƙofar asibiti ba gida yake komawa ya haƙura ba, wayarsa yake ɗauka. A nan ne ƴan damfara ke jiransa. A watan Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic ta jabu, sukarin jininsu ya faɗi warwas, aka kuma yi zargin insulin ne a ciki. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka gano a Brazil da Birtaniya da Amurka. A Faransa ma doka ta hana sayar da duk maganin da ke buƙatar takardar likita ta intanet, don haka shafin da ya ce zai aiko da Wegovy zuwa Paris ko Lyon ya riga ya tona wa kansa asiri.

Gwamnatocin na da hujjarsu. Masu fama da ƙiba a duniya sun haura biliyan ɗaya, babu baitulmalin da zai iya ɗaukar kowa a wannan farashi. Akwai kuma masu neman allurar don kwalliya kawai, waɗanda rububinsu ya taimaka wajen jawo ƙarancin Ozempic ga masu ciwon sukari, alhali dominsu aka yi shi. Shi ya sa tun watan Fabrairun 2025 inshorar Faransa ke neman likita ya cike takardar shaida kafin ta biya kuɗin Ozempic. Tacewa irin wannan daidai ce. Amma wanda ƙiba ta haɗa masa da hawan jini da ciwon zuciya mara lafiya ne, kuma inshorar da ta ƙi biya masa allura yau ita ce za ta biya kuɗin gadon asibitinsa gobe.

Ga ɗan ci-rani, hanya mafi aminci ita ce ya fara da likitansa, a auna nauyi da sukari da jini, ya tambayi inshorarsa a rubuce abin da take biya, domin ƙa'idojin na canzawa daga shekara zuwa shekara. Inda doka ta yarda da ganin likita ta intanet, likitan kirki zai tambayi tarihin lafiya, ya tabbatar da nauyi, ya yi bayanin illoli kamar tashin zuciya da amai da kumburin saifar sukari. Shafin da katin banki kawai yake tambaya ɗan kasuwa ne.

Abu na ƙarshe shi ne tsaraba. Allurar nan a firigo ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kafin a fara amfani da ita. Wanda ya saye ta a shafin da bai sani ba, ya cusa a jaka, ya aika wa ƴar'uwarsa a Tawa ko Yamai cikin zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta, babu likitan da zai bi lafiyarta, bai yi mata gata ba. Gara ya aika kuɗin ta je asibiti a auna mata sukari da hawan jini.