Ranar da na biya Mutuwa kuɗin fansa

 A wannan watan ban je lokeshin ba, kuma ban kawo maku gulmar kowace jaruma ba. Wani wasa na intanet zan ba ku labari, amma ku yi haƙuri ku bi ni, don a kan fim za mu ƙare.

Sunan wasan RuneScape. Kamfanin Jagex da ke garin Kambirij a Ingila ne ya fito da shi a 2001. A 2010 su ka ƙara masa wani wuri mai suna Daemonheim, wato wani tafkeken kogo a ƙarƙashin ƙasa mai hawa 60. Mutum biyar na iya shiga tare. Ba a shiga da kayan waje, sai abin da ka samu a ciki. Ku nemo makulli, ku buɗe ƙofa, ku warware wasa ƙwaƙwalwa, daga ƙarshe ku tarar da bos ya na jiran ku a ɗakin ƙarshe, kamar dai ƙarshen fim ɗin Indiya. In an kashe ka a cikin kogon, sai ka dawo ɗakin farko a rage maka lada.

In kuwa a waje ka mutu, nan ne abin dariyar ya ke. Sai ka tsinci kan ka a ofishin Mutuwa. Wallahi ofis, har da tebur! Ga shi nan, ƙwarangwal cikin baƙar alkyabba da dogon lauje. Na ce "shi" domin a wajen su namiji ne, mu kuwa a Hausa mutuwa mace ce. Ranar farko da na je, netwok ne ya ɗauke mani ana tsakiyar faɗa. Ya lissafa kayana, ya faɗi farashi, na biya da kuɗin wasan, ya miƙo mani takobina na kama gabana.

A 2013 ma sun fitar da wani aiki mai suna 'Missing, Presumed Death', inda wani mugu Sliske ya sace Mutuwa ya kulle a keji, rayukan waɗanda aka kashe su ka rasa mai raka su. Kai ɗan wasa ne za ka je ka ceto shi.

To, wannan labarin ba su su ka fara shi ba. A tatsuniyar Girkawa, sarki Sisifus ya yi wa Tanatos, wato mutuwa, wayo ya ɗaure shi, aka daina mutuwa a duniya har sai da aka kwance shi. Hukuncin Sisifus shi ne tura dutse kan tudu har abada, in ya kusa kaiwa ya gangaro.

A cikin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan Grimm su ka fara bugawa a 1812, akwai na wani talaka da ya ɗauki Mutuwa a matsayin ubangidan ɗan sa na 13. Mutuwa ta mai da yaron likita, da sharaɗin ya duba inda ta tsaya a gadon majinyaci, daga nan zai gane mai tashi da marar tashi. Gogan naka ya yi mata wayo sau biyu, ya juya kwanciyar sarki, sannan ta 'yar sarki. Sai ta ja shi cikin wani kogo cike da fitilu, kowace fitila ran mutum ɗaya. Tasa saura ƙiris, kuma a gaban sa ta mutu. Kun ga kogo tun kafin a san kwamfuta.

'Yan fim ma sun ɗauka. A 1957 darakta Ingmar Bergman na Suwidin ya yi 'The Seventh Seal', inda Max von Sydow ya fito a mayaƙin da ya zauna buga darar Turawa da Mutuwa don ya ja lokaci. Ya ja ɗin, amma an cinye shi. A 'Meet Joe Black' na 1998, Brad Pitt ne Mutuwa, ya ba attajiri Anthony Hopkins 'yan kwanaki, kuma da su ka cika ya tafi da shi. Masoya Indiya kuwa sun san Yamraj, wanda Kader Khan ya fito a matsayin sa a 'Taqdeerwala' na 1995, duk da shi barkwanci su ka mai da abin.

Mu dai mun san duk tatsuniya ce. Mala'ikan mutuwa ba ya ciniki, kuma ajali in ya zo ba a ƙara ko daƙiƙa. Amma ku lura, yawancin masu tatsuniyar ma sun yarda da hakan: mai wayo ya kan ci riba ta ɗan lokaci, sannan a kama shi. A wasan ne kawai kullum ka ke biya ka fita. Shi ya sa bayan mutuwa ta goma na daina jin komai.

Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne wani abokina da mu ka yi poli tare. Shi ya koya mani wasan, shi ke riƙe mana abinci a kogo, in ka kusa faɗuwa ya jefo maka. Bara ya rasu a haɗarin mota. Har yau sunan sa na nan a jerin abokaina, an rubuta ba ya kan layi. Na kasa gogewa. Duk kuɗin da mu ka tara a wasan ba su da ofishin da zan kai su. Allah Ya jiƙan sa, amin.

Saboda haka ga kira na ga marubuta da daraktocin mu. Sau nawa mu ke ganin an kashe uwa ko kishiya a fim don kawai labari ya cije? A yi kuka a sin ɗaya, sin na gaba an shiga lambu ana rawa da waƙa. Wannan mutuwar irin ta ofis ce, mai rasit. In za ku kashe mutum a fim, ku bar mu mu ga gurbin sa: tabarmar sa, bashin da ya bari, yaron da ke tambayar yaushe zai dawo. 'Yan kallo duk sun taɓa zaman makoki, ba za ku ruɗe su ba. Mutuwa rigar kowa ce.

Wanda ya san fim ɗin mu da ya yi wa wannan batu adalci, ya rubuto mani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in da rai da lafiya.