Ba Rairayi Ke Kashe Lemo Ba

Galibin lemon zaƙin da ake sha a Kano da Katsina da Dutse baƙo ne. Daga Binuwai manyan motoci ke kwaso shi, su sauke a Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, daga nan ya watsu cikin gari da ƙauyuka. Mun saba da haka har ta kai idan aka ce wa magidanci ya dasa lemo a tsakar gidansa, amsarsa a shirye take: ƙasarmu jigawa ce, rairayi ba ya riƙe lemo. Wannan magana ta hana gidaje da yawa itacen da zai iya ciyar da su shekara da shekaru, kuma an bar jaki ne ana dukan taiki. Abin da ke kashe dashen lemo a gidajenmu shi ne mugun iri, da zurfin rami, da ban ruwa na ganin dama.

A duba inda lemo ya fi albarka a duniya. Jihar Fulorida ta Amurka, wadda ta yi suna da shi, yawancin gonakinta a kan yashi suke. Masar tana sahun gaba wajen fitar da lemon zaƙi zuwa ƙasashen waje, kuma kaso mai yawa daga gonakin da aka sare cikin hamada yake fitowa, irin na Nubariyya, inda ake ba shi ruwa ɗigo-ɗigo ta siraran bututai. Kusa da mu ma, a Timiya cikin duwatsun Azbin, arewa da Agadas, Buzaye suna noman lemo da garehul a bakin ƙorama mai yashi, da ruwan rijiya. Dalilin a cikin saiwa yake. Saiwar lemo tana son iska, kuma ba ta jure kwanciyar ruwa. A laka mai danƙo, damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta ruɓar da ita, sai ka ga gindin itacen yana tsatsar da ƙaro, ɓawo yana tsagewa, ganye yana zuba. Rairayi kuwa yana tsane ruwa nan take. Wannan cutar ta ruɓewar gindi, wadda ke wahalar da masu lambu a wurare masu dausayi, mai jigawa ya riga ya sami sauƙinta kyauta.

Aibin rairayi na gaskiya shi ne ba shi da ajiya. Ruwan da ka zuba da safe ya wuce ƙasa kafin la'asar, kuma ya tafi da takin. Shi ya sa ganyen lemon gida yakan yi fatsi-fatsi, jijiyoyinsa kore, tsakaninsu rawaya. Maganin shi ne a ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai. A cakuɗa ƙasar ramin da kashin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe, domin ɗanye ƙone saiwa yake yi. Takin zamani a kasa shi uku ko huɗu a shekara maimakon a juye shi rana guda ruwa ya kwashe. A lulluɓe kewayen itacen da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa don rana ta daina shanye laima, amma a bar tafin hannu guda tsakaninsa da gindi saboda gara. Toka ma, da mata ke barbaɗawa don korar garar, idan ta yi yawa ita ce ke ƙara wa ganyen rawaya, don lemo ya fi son ƙasa mai ɗan tsami.

Hujjar masu ƙin dasa lemo da ta fi nauyi ita ce ta ruwa, kuma ba za a raina ta ba. Damina a nan ba ta wuce wata huɗu ko biyar, sannan a Afrilu zafi ya haura digiri 40, daidai lokacin da itacen zai iya zubar da furensa idan ya ji ƙishi. Wanda ke sayen kowace jarka a hannun 'yan garuwa yana da gaskiya idan ya ce ba zai shayar da itace ba. Amma a lissafa ruwan da ke bin rariya kullum. Gida mai mutum goma, kowa ya yi alwala sau biyar da lita guda, lita 50 ke nan a rana, ruwa mai tsafta, babu sabulu a ciki. Ƙaramin dashe a kan rairayi jarka guda sau biyu ko uku a mako ta ishe shi. Mayar da wurin alwala kusa da itacen kawai ake bukata, ko a binne tulu marar fenti a gefensa, a riƙa cika shi yana tsatsafowa a hankali. Ruwan wanki mai omo da bilic kam a kai shi nesa, don lemo ba ya shiri da gishiri. Idan itacen ya girma zai nemi fiye da haka a bazara, shi ya sa maganar itace ɗaya ko biyu ake yi, ba gona ba.

Sai batun iri, inda aka fi yin asara. Ƙwallon da yaro ya tofar ya tsiro zai iya cin shekara bakwai ko fiye yana ƙaya kafin ya yi ɗa. Dashe mai aure kuwa yakan fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma gindin da aka ɗora shi a kai, idan na lemon tsami mai kaushin ɓawo ne, yana zurfafa saiwa cikin yashi ya jure fari. Cibiyar binciken lambu ta ƙasa da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda, nan ƙasar Kano, don haka sanin wannan aiki bai yi mana nisa ba. Amma ko iri mai kyau sai ya mutu idan aka binne gaɓar auren cikin ƙasa, kuskuren da masu son itace ya tsaya da ƙarfi suka fi yi. Gaɓar a sama take zama. Awaki da iskar hunturu kuwa, zana ko kewayen ƙaya ya wadatar.

Wasu za su ce darbejiya ta fi sauƙi, mangwaro ya fi inuwa. Haka ne, amma filayen gidajen birni sun tsuke, kuma dukansu biyu manyan itatuwa ne da ke cinye tsakar gida, saiwarsu ta nufi katanga. Lemo taku huɗu daga bango ya ishe shi. Mai farawa ya fara da lemon tsami, wanda ya fi jure zafi kuma yake haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, ga shi kullum ana nemansa a shayi da zoɓo da kunun gyaɗa. Ya dasa da faɗuwar damina a watan Yuni, domin saiwa ta kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba.