Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: zaɓen sifanar aljihu ga mai keke

Duk lokacin da man fetur ya yi tsada, keke yakan dawo da martabarsa a karkara. An ga haka bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, aka kuma sake gani bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Najeriya ta janye tallafin mai, har farashin kwalba ya ɗaga a bakin hanyoyin jahar Maraɗi. A Kona da ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, keke shi ne ke kai ɗan tireda kasuwa, shi ne ke kai mushe lakkol, shi ne kuma ke kai malamin gona wurin manoma. Amma keke yana da hali guda: ba ya lalacewa a ƙofar mai gyara, sai a tsakiyar daji, inda babu inuwa balle mai taimako.

Saboda haka ne wani ɗan ƙarfe mai naɗewa kamar wuƙar aljihu, wanda ya tara bakin sifana da na sukurdireba wuri guda, ya shiga shagunan masu sayar da kayan keke. Wani yana da baki 10, wani 16, wani ma ya haura 20, kuma mai sayarwa yakan yi kirari da yawan bakin. To, a nan ne mai saye ya kamata ya yi hattara, domin amfanin wannan ƙarfe ba a yawan bakinsa yake ba, yana ga ko bakin ya dace da notin da ke jikin kekensa shi kansa.

Dalili kuwa shi ne, kekunan da ke bin hanyoyin Tasawa iri biyu ne, kuma ba ƙarfe ɗaya ke kwance su ba. Na farko shi ne baƙin keke na gado, mai taya inci 28 da birkin sanda da kariya a baya, irin su Phoenix na ƙasar Sin da Raleigh na Ingila, wanda aka taɓa harhaɗawa a Kano. Wannan keke noti ne ke riƙe da shi tun daga gaba har baya. Notin ƙafa a irin na Sin yawanci lamba 15 ne, na birki da na madogarar laka kuwa ƙanana ne, wajen lamba 8 zuwa 10. Tsohon Raleigh na asali yana da nasa awon na inci, wanda sifanar milimita ba ta kama shi sosai, sai ta riƙa zamewa tana cin kusurwar notin.

Na biyu shi ne keken zamani mai giya, sabo ko na hannu da ake kawowa daga Turai. Shi kuma galibin sukurorinsa suna da rami mai kusurwa shida a ka, kuma ba ya buɗuwa sai da ɗan ƙarfen nan da ake kira Allen, wanda ya samo sunansa daga wani kamfani na garin Hartford a Amurka. Lamba 4 da 5 da 6 su ne ke kwance sirdi da kan keke da birki. In kuwa birkin na faifai ne, to akwai sukuru mai ramin tauraro da ake kira Torx, wanda aka ƙirƙiro a 1967, kuma bakin da ke kama shi shi ne T25.

Mafi yawan sifanun aljihu masu naɗewa don wannan keke na biyu aka ƙera su, domin masu tsere da masu yawon buɗe ido a kan kwalta. Ɗan kasuwar Kona da ke da Phoenix, in ya ba da jika biyu ko uku ya sayi irin wannan, to ya sayi baki 16 ne wanda watakila biyu kawai za su yi masa aiki, ran da notin ƙafa ya kwance kuwa sai ya tarar babu ko ɗaya da ke kama shi. Abin da ya dace da shi ya fi wannan araha: ƙaramar sifana mai ƙari da ragi, wadda bakinta ke buɗewa ya wuce milimita 15, da sukurdireba, da ƙaramar filaya. Akwai kuma wata sifana mai kai biyu kamar ƙashi, mai ramuka 10 daga lamba 6 zuwa 15, sai dai a duba ƙarfenta, don da yawa daga cikinsu na zubi ne, sukan fashe in an danna da ƙarfi.

Shi kuwa ma'aikacin da ke hawan keke mai giya, sifana mai naɗewa ta dace da shi, muddin tana da Allen 4 da 5 da 6, da sukurdireba mai faɗin baki da mai gicciye, da abin cire ƙusar sarƙa. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi rainawa, alhali shi ne ke raba mai komawa gida a kan sirdi da mai komawa a ƙasa. Rairayin wannan yanki yana haɗuwa da man da ke jikin sarƙa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cinta a hankali har ta tsinke. Da abin cire ƙusa, mutum zai iya fidda gaɓar da ta lalace, ya haɗa sauran, ya lallaɓa har gari. Ya dai kiyaye, sarƙar keke mai giya ta fi ta baƙin keke siranta, saboda haka gaɓar ɗaya ba ta shiga ɗaya.

Hanyar gwaji guda ce, kuma ba ta cin ko dala. Mai saye ya tafi da kekensa har ƙofar shago, ya ɗora kowane baki a kan notinsa, ya ga ya zauna daram ba tare da wasa ba. Ya girgiza mahaɗar ƙarfen, in tana rawa tun tana sabuwa, to ba za ta kai kaka ba. Ya duba ko an buga alamar Cr-V a jiki, wadda ke nuna ƙarfe mai tauri, ko da yake masu jabu ma sun iya bugawa, shi ya sa gwaji ya fi rubutu. Ya kuma duba tsawon mariƙi, domin guntun mariƙi ba ya kwance notin da tsatsa ta kama. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma sifana mai taushi ɓarnarta biyu ce: ta lalace, ta kuma lalata notin, har shi mai gyara ya rasa inda zai kama.

Sai dai duk kyawun sifana, ba ita ce ke maganin babbar cutar hanyar Kona ba, wato ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su san keken Turai ko na Sin ba. Tun da Dunlop ya sa wa keke taya mai iska a 1888, mai keke bai rabu da faci ba. Don haka a ɗaura wa sifana abokan tafiya: famfo, da ƙarafa biyu na ɓamɓare taya, da faci, da gam, da ɗan abin kankare roba. Gam ɗin da aka riga aka buɗe yakan bushe da zafin bazara, sai a riƙa duba shi kafin tafiya. In an shafa shi, a jira ya sha iska kafin a manna faci, a kuma bi cikin taya da yatsa a hankali a zare ƙayar, in ba haka ba za ta sake huda wurin kafin a yi nisa. A baƙin keke ba sai an cire ƙafar baya ba, ana iya zaro robar ciki ta gefe a yi faci a mayar. Bakin famfo ma a gwada shi, domin bawul iri uku ne, kuma ƴar robar da ke cikin bawul na baƙin keke takan ruɓe, ya kamata a ajiye wata a jaka.

Wannan duka ba ya nufin a raba mai gyaran keke da abincinsa. Miƙe ƙafar da ta karkace, da sauya boris, da gyaran gindin feda, aikinsa ne, kuma wanda ya taɓa su ba da sani ba yakan biya kuɗin gyara biyu. Aikin sifanar aljihu shi ne ta kai mutum inda mai gyaran yake. Ɗan kasuwar da ya isa bayan kasuwa ta watse ya yi asarar mako guda, mushen da ya makara ya bar yara zaune babu darasi, alhali abin da ya tsayar da su noti ɗaya ne ko ƙaya ɗaya. Wanda ya san lambar notin kekensa kafin ya ciro kuɗi daga aljihu, shi ne ya yi sayayya ta gari. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.